Ƙishirwar Wongani

Wongani ya haura shekara arba'in, amma fahimtarsa ba ta girma tare da jikinsa ba. Yana zaune ne a gidan ƙanwarsa Tiwonge a bakin tafkin Malawi, aikinsa shanya wa masunta ƙananan kifi a kan rumfuna. Kowa ya san shi da fara'a da son shayi mai zaƙi.

Da damina ta kama sai ya soma ramewa. Ruwa kuwa, ko tulu aka ba shi sai ya nemi ƙari. Tiwonge ta kai shi ɗakin shan magani na garinsu. Malamin da ke wurin bai ko dube shi ba, ita ya yi ta tambaya, sannan ya miƙo ƙwayar ciwon kai.

"Irinsu ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo," in ji shi. "Ki dai riƙa lallaɓa shi."

A hanyar gida ta yi ta tunani. Abokan Wongani biyu masu irin lalurarsa haka aka yi ta lallaɓa su har aka binne su, babu wanda ya kai arba'in, babu kuma wanda aka san ciwon da ya kashe shi. Washegari ta bar wa mijinta Chiza yara, ta sa Wongani a mota suka nufi babban asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da suka samu, wata dattijuwa mai suna Nyakaunda, ta ja kujera ta zauna daf da shi. Tiwonge ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ɗaga mata hannu.

"Bari mai jikin ya faɗa. Baba, me ke damunka?"

Wongani ya waiga ya ga ko da wani take. Sai ya yi dariya, ya rufe baki da hannu.

"Ƙishi nake ji kullum. Kuma tururuwa na bin fitsarina."

"Yaya! Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ai ba ki tambaye ni ba."

Aka huda masa yatsa aka auna jini, aka ce ciwon suga ne. Nyakaunda ta yi masa bayani a hankali har sau uku, ta nuna masa ƙwayar safe da ta yamma, ta sa ya maimaita da bakinsa. Da ta zo maganar daina sa suga a shayi ne fuskarsa ta ɓaci.

"Ko cokali ɗaya?"

"Ko rabi."

Kafin a girbe masara kumatunsa sun dawo, ya koma rumfunan kifinsa. Duk wata shi ke tashin Tiwonge ranar komawa asibiti, ya sa farar rigarsa ta coci. Maƙwabciyarsu da ta ga haka ita ma ta fara bin su da 'yarta mai ƙarancin fahimta irin na Wongani.

Wanda ya shiga uku shi ne Chiza. Da ya miƙa hannu ga gwangwanin suga sai Wongani ya riga shi ɗauka.

"Suruki, dubi tumbinka. Kai ma sai na kai ka wurin Nyakaunda."

"Likitan gidanmu, a yi mini afuwa, cokali ɗaya tak!"

Tiwonge tana tuƙa tuwon rogo tana jin su, dariya har da hawaye. A ƙarshe dai Chiza ya sha shayinsa salam, yana yamutsa fuska.