Ƙoran Mushtari

Afra'u ce 'yar farin Hansai, shi ya sa shekara goma sha shida uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata. A gaban mutane kuwa, "yarinyar nan". Alkunya ce, haka ta tarar ana yi a Gafasa.

Sati biyu kafin zazzaɓi ya yi ajalinta, yarinyar ta kifa ƙorai biyu ta ɗinke bakinsu, suka zama kamar ƙwallo.

"Ke, me kike yi da ƙoran nawa?"

"Inna, duniyar Mushtari ce, baje kolin makarantu za a kai ta Ajingi. Daka min jar ƙasa mana."

Hansai na daka tana mita, yarinyar na zana layuka tana surutu.

"Can babu ƙasar da za ki taka, Inna, iska ce zalla. Haidirojin, sai hiliyam. Farin layin nan gajimaren amoniya ne, mai wari irin na akurkin kajinki. Jan tabon nan kuwa guguwa ce, ta fi duniyarmu girma."

"Ikon Allah! To a ina suke shuka gyaɗa?"

Afra'u ta yi dariya har ta zubar da farar ƙasa.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika, ƙorai suka yi kaɗan. Hajo, yayar maigidan, ta shiga ɗaki neman abin zuba gumba. Hansai ta fito daga madafa ta tarar an farke ɗinkin, ɗaya ƙwaryar na hannun Hajo, ta sha soso da toka, jan ruwa na gangarawa rariya.

"Yaya Hajo, me kika yi?"

"Sababbin ƙorai fil, duk yara sun dame su da ƙasa. Ai gyara na yi miki."

Hansai ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta yi wa 'yar fari kuka a idon jama'a. Ta karɓi ƙwaryar ta kife a rana. Jibi ne baje kolin.

Washegari bayan azahar ta jawo turmi. Ita ta daka kalolin nan da farko, hannunta bai manta ba. Ta ajiye ƙwaryar da ta tsira a gabanta tana kwaikwayo: fari, ja, fari. Layukanta suka fito a karkace. Tabon guguwar na jikin wadda aka wanke, sai ta dangwala shi da babban yatsa, ta ɗinke.

A Ajingi, wata malama baƙuwa daga Gaya ce ke rubuta sunaye a bakin ƙofa.

"Baba, ɗalibi ne ke kawowa, ya yi bayani da bakinsa."

"Ta rasu, yau kwana tara. Ni zan yi." Ta ɗora abin a tebur. "Babu ƙasa a can. Haidirojin ne da hiliyam. Wannan gajimaren amoniya ne. Rabin nan mai kyau nata ne, karkataccen nawa."

Malamar ta ce, "Allah Ya jiƙanta. Wane suna zan rubuta?"

Hansai ta waiwaya. Babu wani ɗan Gafasa da zai faɗa a madadinta. Ta gyara mayafi.

"Afra'u," ta ce. "Afra'u Gwadabe."

Malamar ta rubuta ta kira na gaba. Hansai ta koma gefe ta tsuguna jikin bango, ta sake faɗar sunan a hankali, sai a lokacin hawayen suka zo.