Kuramochi Ya Nemi Komawa Gida

Kuramochi Noboru ya danna hatiminsa a kan takardar har jar tawada ta ɗan ɓata gefe, ya miƙa wa shugaban reshe da hannu biyu, ya rusuna. Shekara goma sha huɗu ke nan kamfanin injinan noma yana wurga shi gari-gari: Kochi, Tottori, yanzu Morioka. Ba a taɓa neman ra'ayinsa ba. A kira ka ofis, a ce nan da mako biyu ka tattara, kai kuma ka ce ka gode. Bana sai ga sabon tsari daga hedikwata: wanda ya gaji da yawo ya zaɓi gari guda a bar shi can har ritaya, amma ya manta da ƙarin girma. Kuramochi ya zaɓi Kashiwa, inda gidansa yake.

Hiraga, abokin teburinsa, ya leƙo. "Tsoho, matarka ta san da wannan aika-aikar?"

"Albishir zan kai mata yau."

"Albishir? Ni ranar da na kwana uku a jere a gida, karenmu ma sai da ya fara yi mini haushi."

Kuramochi ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha. A cikin jirgin ƙasa ya kasa zama wuri ɗaya don murna, da furfurarsa da komai.

Wata huɗu kacal ya kwana a gidan nan bayan ya saya. Kowa a kamfani ya san ba a tallata sayen gida, don ranar da manya suka ji ka kafa gindi, ranar suke sanin ba ka da bakin ƙin tafiya, tunda ga bashin gida a wuyanka. Shi kuwa har liyafa ya kira su, ba a jima ba aka yi masa canjin gari. 'Yarsa Chisato tana aji uku na firamare a lokacin, ba a so a raba ta da makaranta, sai ya tafi shi kaɗai kamar yadda kowa ke yi. Da farko yakan zo duk wata. Daga baya ya koma sabuwar shekara da hutun ziyarar kaburbura.

Ƙarfe uku ya danna ƙararrawa. Matarsa Fumie ta buɗe, da igiyar awo rataye a wuya.

"Baban Chisato? Lafiya? Ba ka yi waya ba."

"Lafiya ƙalau."

Ta sunkuya ta jera masa silifas, ruwan ƙasa masu sabon ƙyalle, waɗanda ake ajiye wa baƙi. Ya duba ko zai ga nasa, bai gani ba. Ya zura ƙafa ya shiga.

Daga ɗakinsa na sama ƙarar keken ɗinki ke saukowa, da hirar mata. Fumie ta ce ɗalibanta ne, suna koyon mayar da tsohon kimono, doguwar tufar gargajiya, riga da jaka, ai ta gaya masa a waya tun bara waccan. Mai yiwuwa ta gaya masa. Ya ajiye tsarabar biskit ɗin gyaɗa a kan tebur, ta yi godiya kamar maƙwabci ne ya kawo.

"Ina Chisato?"

"Tana wajen aiki a Yokohama. Tun Afirilu ta kama ɗaki can."

"Haka ne, haka ne," ya ce, alhali sai yanzu ya tuna.

Ta zuba masa shayi. Ya gyara zama, ya faɗi jawabin da ya yi ta bita a jirgi: sabon tsari, hatimi, ofishin Kashiwa daga farkon wata. Ya dawo ke nan, ba sauran tafiya.

Fumie ta daɗe tana naɗe igiyar awon a yatsa.

"Kullum?"

"Kullum mana."

"Da ka tambaye ni."

"Na ɗauka za ki yi murna."

"Su ba su tambaye ka ba da za su ɗauke ka. Kai ma ba ka tambaye ni ba da za ka dawo." Ba faɗa a muryarta, abin da ya fi tsorata shi ke nan. "Shekara uku na farko kuka na yi, Baban Chisato. Ni na kwana a asibiti da yarinyar nan, ni na binne mahaifinka kana hanya. Daga nan na koyi zama. Ban ce laifinka ba ne. Amma ban san me zan dafa wa namiji kullum ba, ban san me zan ce maka da safe ba."

Ya so ya ce duk don su ya yi. Abincin kanti mai sanyi, ɗakunan haya masu warin tabar wani, duk don gidan nan. Gaskiya ce, kuma ya ga ba za ta yi amfanin komai ba. Sabon tsarin nan mai kyau ne, amma ga yaran da suka shigo kamfani bana.

Wata ɗaliba ta kira malama daga sama, zare ya harɗe. Fumie ta miƙe, ta tsaya a gindin bene tana ba shi baya.

"Akwai ɗakunan haya a bayan tasha, masu tsabta. Ƙanen wata ɗalibata ne ke kula da su. Sai ka riƙa zuwa ranar Asabar mu ci abinci tare."

Kuramochi ya dubi bangon falon, wanda shi da kansa ya zaɓi launinsa.

"Minti nawa ne daga nan a ƙafa?" ya tambaya.