Kwalekwalen da Ba Ya Numfashi

Mijina Wendell irin mutanen nan ne da idan ƙusa ɗaya ta karkace a hannunsu, to ranar babu mai jin daɗinsu a gida. Shi ne fa ya tashi, bayan ya bar aiki, ya ce zai ƙera kwalekwalen teku da hannunsa. Ya shige gareji yana jera siraran katako, yana mannawa, yana goga, yana sake gogawa. Ni kuwa kowace Asabar sai na ɗora tsohon kwalekwalena na roba a kan mota, na tafi wurin ƙungiyarmu ta masu tuƙin kwalekwale a garin Anacortes, bakin teku. Kowa da abokin tafiyarsa, ni kaɗai ce ke zuwa kamar marar miji. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Bara ya gama, ya biyo ni. A ƙungiyarmu, duk wanda ya kawo sabon jirgi shi ke ɗaukar abincin kowa a ciki har tsibiri. Kafin mu isa ruwa ya ɗiga ta gefen murfin wurin kaya, burodin jama'a ya zama taɓo. Otis, wani tsohon direban bas da bakinsa ba ya hutawa, ya laƙaba masa suna Mai Miyar Burodi. Wendell ya yi yaƙe, muka dawo gida, bai sake zuwa ba.

Duk lokacin sanyi ya kwashe yana gyara. Ya datse cikin jirgin da bangon katako gaba da baya, aka sami ɗakunan kaya biyu. Ya yi musu murafe masu bakin roba, sun zauna daidai da jikin jirgin, ba mariƙi sai ɗan zare, wai kada a ɓata kyau. Ya sa ni riƙe masa tiyo ina feshi har hannuna ya sage. Ko ɗigo bai shiga ba.

Bernice, shugabarmu, ta biyo ta gidan ta leƙa ciki. Ta ce, "Ya yi kyau, Wendell. Amma ina ƙofar numfashi? Ɗan rami kamar na allura a jikin bangon nan."

"Bernice, wata da watanni ina toshe ramuka, yanzu ki ce in huda?"

"Oho. Jirginka ne."

Ranar da za mu sake fita da ƙungiya, muna cikin mota Wendell ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Lorna, in aka sake yi mini dariya yau, na rataye jirgin nan a gareji ke nan." Na san halin mutumina, ba ya faɗa ya fasa.

Safiyar ta zo da rana mai zafi, abin da ba mu cika samu ba. Jirgin yana kan yashi yana ta shan zafi, har katakon ya fara ƙona hannu. Wendell ya jera bandar kifi, da burodi, da kek ɗin tuffa da na gasa, duk a ɗakin baya, ya danna murfi ya shafa shi. Muka tura jirage cikin ruwan nan namu da ko a tsakiyar bazara ƙanƙara ne.

Kai, jirgin ya yi tafiya! Yana tsaga ruwa shiru, ba tangaɗi, ba karkata. Ni ina baya ina haki da filafili, ina kallon ƙeyar mijina a tsakiyar jama'a, daɗi kamar ya kashe ni. Otis ya matso ya ce, "Mai Miya, yau da cokali na zo!" Wendell ya ce, "Ajiye shi, tsoho, yau haƙora za ka nema, in da saura." Aka kwashe da dariya, wannan karon Otis ake yi wa.

Kafin mu kai tsibirin gajimare ya rufe, iska ta yi sanyi. Muka ja jirage kan tsakuwa, kowa ya zagayo da yunwarsa. Wendell ya durƙusa da isa, ya ja zaren murfi.

Murfi ya ce bai san zancen ba.

Ya sake ja. Ya dafa da gwiwa ya ja da hannu biyu, sai zaren ya tsinke ya bar shi zaune a ƙasa. Na duba da kyau, murfin har ya ɗan lotsa ciki, kamar wani na riƙe da shi daga can.

Otis ya zaro wuƙa. "Bari in ɗan sa masa baki ta gefe."

Wendell ya ce, "Ka taɓa fentin nan, wallahi da iyo za ka koma gida."

Bernice ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa. Ta ce, "Ka rufe iska mai zafi a ciki, ka tsoma ta a ruwan sanyi, ta tsuke. Ba ta da ta inda za ta ja wata, shi ne ta ja murfin. Aikinka ne ya yi kyau fiye da kima."

"To mu jira rana ta fito ta ɗumama shi," in ji Wendell.

Duk muka ɗaga kai. Bernice ta ce, "Rana? A nan? Ka ci rabonka na wannan watan da safe. Kuma ruwan teku ya kusa juyawa ya fara ja, in ya juya ba mu tashi ba, sai ya kai mu Kanada." Ta buɗe jakar gyaranta, ta ajiye basilla a kan jirgin, ta ja baya.

Babu wanda ya yi dariya. Har Otis ya kama bakinsa yana kallon takalminsa, kuma shirun ya fi dariyar muni. Na ga kunnuwan Wendell sun yi ja, na ga idonsa ya koma hanyar gida. Nan fa raina ya ɓaci.

Na ce, "Wendell, dube ni. Ni ban damu da kek ba. Na gaji da kallon bayanka ta tagar gareji. Yau na kalle shi a kan ruwa, kuma can nake son sa. Ɗauki abin nan ka huda."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki basillar, ya kwanta, ya cusa kai da kafaɗu cikin mazaunin jirgin don ya kai ga bangon baya. Ba a ganin komai sai ƙafafunsa a waje. Can muka ji muryarsa daga ciki: "Wa ke da abin awo? Ina son ramin ya zauna a tsakiya."

Gaba ɗaya muka haɗa baki: "Huda kawai!"

Sai jirgin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, fiiiii, murfin ya ɗago da kansa. Bernice ta cire shi da yatsa biyu. Kek a bushe, burodi a bushe, ƙamshin kifi ya tashi. Otis ya kasa daurewa ya fashe, kowa ya bi. Gabana ya faɗi, don Wendell bai fito ba. Sai na ga jirgin yana girgiza a kan tsakuwa. Ashe dariya yake yi a ciki, har da buga ƙafa.

Muka ci a gurguje da hannu. Otis ya ja Wendell ya nuna masa facin da ke ƙasan nasa jirgin, inda ya taɓa hawa dutse yana gaida wata mata. Kowa ya shiga tona nasa tabon, har sai da Bernice ta kore mu zuwa ruwa.

Muka kama hanyar gida, jirgin yana ɗaure a saman mota. Mun kusa kwanar gidanmu Wendell ya ce, "Lorna, ramin nan fa ya karkace."

Na runtse ido. Na ce, "To. Gareji ke nan?"

Ya ce, "A'a, bar shi, yana numfashi. Ƙarfe nawa ake haɗuwa ranar Asabar?"