Kujerar Bai Minko

Dobrin ya zura bakin wuƙa a ƙarƙashin takardar sanarwar mutuwa da ke manne a ƙofar kulob ɗin tsofaffi, ya fara ɓamɓarowa daga kusurwa. Gam ɗin ya kama ƙofar sosai. Bai Minko, wato dattijo Minko, na kallonsa daga hoton da ke tsakiyar takardar, da hularsa ta zuwa coci, a ƙasan hoton an buga ranar rasuwarsa da manyan baƙaƙe.

"Sauke hannunka."

Lelya Ganka ce, wato gwaggo Ganka, matar mamacin, tsaye a bayansa da baƙin ɗankwali, riƙe da kwanon dafaffiyar alkama ta sadaka.

"Lelya, na awa biyu ne kawai. Matar nan da ke zuwa duba mu daga majalisa na tafiya zan mayar."

"Ka mayar da me, da yawunka? Yau kwana talatin da bakwai. Ko arba'in bai yi ba za ka yage shi kamar tallan takin zamani?"

Ya ninke wuƙar ya jefa aljihu. Kusurwar takardar ta tsaya a ɗage, tana kaɗawa.

Maganar ba ta da wuya. Kulob ɗin 'yan fansho ginin majalisar gari ne. Ita ke ba da itacen murhu, ita ke biyan nas da ke zuwa awon jini ranar Talata, daga kicin ɗin baya ake kai wa waɗanda ba sa iya tashi abincin rana. Sharaɗi ɗaya ne: mutum talatin masu zuwa. Idan suka gaza, a rufe, a ba wani mai shagon caca da ya daɗe yana leƙen tagogin, tsofaffin kuma su riƙa hawa bas zuwa babban gari. Da Minko talatin ne cif. Dobrin bai soke sunansa daga rajista ba.

Shi ne mai kula da wurin, shi ne mai hura murhu, shi ne direban motar abinci. Ya bi garin layi-layi yana neman tsoho ɗaya. Babu. Wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa Jamus da Sifen, sauran suna manne a jikin ƙofar nan. Saura mutum ɗaya, Stamen, mai shekara tamanin da ɗaya, wanda ya haife shi. Shekara tara ba su yi magana ba, tun ranar da Dobrin ya sa gatari ya sare inabin da ke tsakar gidan tsohon ya kafa garejin gyaran mota a wurin. Tsohon ya sa wa garejin kwaɗo, ya kore shi. Ko taya ɗaya ba a taɓa kwancewa a ciki ba.

A cikin zauren Bai Kolyo na raba karta, rigar sanyi biyu a jikinsa.

"Shugaba, ta kama ka? Ai da ka tambaye ni. Ganka ko Minko bai taɓa cin ta da gardama ba, shi ya sa ya gudu."

"Yi kartarka, Bai Kolyo."

"Ka je ka ɗauko ubanka mana. Ko sai ya mutu ka manna shi a ƙofa, ka rubuta shi a rajista?"

Aka yi dariya, har da tari. Dobrin ya cusa itace a murhu ya buga murfin.

Ƙarfe goma matar majalisa ta iso, Rumyana, ba ta wuce talatin da biyar ba, da fayil a hammata. Ta tsaya a ƙofa kamar yadda kowa ke tsayawa, ta bi takardun mamata ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ta Minko, sai ta sa babban yatsa ta danne kusurwar da ta ɗage. Dobrin na kallonta ta taga.

Ta zauna ta fara kiran suna. Ana amsawa, wani da hannu, wani sai an zungure shi. Dobrin na ƙirgawa a ransa, kamar lissafin zai canja.

"Minko Radev."

Ko kartar an daina bugawa.

"Yana nan," in ji Lelya Ganka.

Ta nuna kujerar da ke kusa da murhu. Ba wanda ya zauna a kai tun jana'iza. A gabanta akwai kofin kofi da ta zuba da safe, da tambulan na ruwa.

"Lelya," in ji Rumyana a hankali, "na karanta ƙofa."

"To ai kin ga kwanan wata, 'yar nan. Har arba'in mamaci yana zagaya inda ya saba. Ina kuma ya saba da ya wuce nan? Gida barci kawai yake zuwa yi, shi ma da ƙyar."

"Kuma har yanzu yana leƙa kartata," in ji Bai Kolyo.

Rumyana ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kofin. Sai ta sa biro ta yi maki a gaban sunan, ta ci gaba har ƙarshe. Lelya Ganka ta miƙa mata alkama a cokali, ta karɓa ta ce Allah ya gafarta masa.

A waje ta tsayar da Dobrin.

"Yaushe arba'in ɗin?"

"Alhamis."

"Juma'a zan dawo. Ina son talatin masu numfashi. Kada ka kawo min ɗan shekara hamsin da sanda, na san kowa a garin nan. Ni ma akwai mai duba takarduna."

"Ina zan samo? Haifo tsoho zan yi?"

Ta ɗaga kafaɗa ta shige motarta.

Ya loda kulolin abinci, ya raba wa gidaje goma sha ɗaya. Ya dawo kan hanyar kulob, ya wuce ta, ya sake zagayowa. Karo na uku ya karya kan motar zuwa layin da ya shekara tara bai shiga ba.

Stamen na zaune a benci a tsakar gida, ya juya wa garejin baya. Ya rame. Bai tashi ba.

"Wa ya mutu?"

"Minko."

"Wannan na karanta tuni."

"Kujerarsa za ta zama ba kowa ranar Alhamis. Kusa da murhu take. In ba ka zauna ba, rufe mu za a yi." Dobrin ya matso kusa da bencin. "Baba."

Tsohon ya nuna garejin da ke bayansa da babban yatsa, bai waiwaya ba.

"Ranar da na ga ƙasa a wurin nan, ba bulo ba, zan zauna."

Dobrin ya dubi garejin. Da hannunsa ya jera bulon, shi kaɗai, wata huɗu. Kwaɗon ya yi tsatsa har ya zama ja. Yau Litinin, saura kwana huɗu Juma'a.

Ya cire jaket ya rataye a jikin shinge.

"Babbar gudumar nan tana nan?"

"Tana inda ka yar da gatarin."