Sandar Wasila

Rana ɗaya aka sa mana ƙarfe a gwiwa, ni da Wasila, maƙwabciyata a Ƙofar Kware. Nata ya zauna daram, alhali ta girme ni. Nawa kuwa ya saki, ƙafar ta sake karkacewa, sai da aka sake yi min aiki.

Da aka sallamo ni ta zo dubiya, babu ko ɗingishi. Ta zauna a tabarma, ta miƙe ba ta dafa komai ba. Ina kallo, raina yana ƙuna.

Ta jingina tsohuwar sandarta a jikin gadona. "Hajjo, ga wannan, ni na gama da ita."

Na yi murmushi. "Na gode. Zan ajiye miki."