Wayar Ƙasa

Sunana Liti, tela ne ni a kasuwar Karaye. Shekarata arba'in da tara, amma har yau idan na ji muryar Baffa Mijinyawa sai na zabura na miƙe. Ƙanen mahaifina ne, yana zaune a Rogo Ruma, kuma shi ne babba a zuri'armu. Ba a raɗa suna, ba a tura kowa karatu sai ya ce to.

'Yata Hamdiyya ta gama ƙaramar difloma a fannin lantarki, ta samu gurbin babbar difloma a Kano. Saura mako uku a rufe rajista na hau babur na je neman izini.

"Shekara biyu tana karatun waya," in ji Baffa, "me ta taɓa gyarawa?"

"Ta gyara fitilar uwarta, Baffa."

"Fitila!"

Ya sa aka jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Garmaho ne mai aiki da lantarki, wanda ya saya zamanin da yake direban babbar mota, da faifai guda ɗaya na wani makaɗin kukuma.

"Shekara talatin da ɗaya bai ce uffan ba. A cikin faifan nan an ambaci sunana. In ta sa na ji sunana nan da Juma'a ta sama, ta tafi. In ta kasa, ka ba ta keke ta koyi ɗinki."

Na ɗauro garmaho a bayan babur, ina tafe ina waiwayensa har Karaye.

Hamdiyya ta buɗe shi, ta kakkaɓe kashin ɓera, ta ce allura ce ta mutu. Nan na ji sanyi a raina, don in dai allura ce an zo fagena. Na kawo mata allurar ɗinki lamba goma sha huɗu da lamba goma sha shida, na ce ta zaɓa.

"Baba, da wannan sai dai mu yi wa faifan kalmasa."

Ashe allurar garmaho tana da kai, kuma kan iri biyu ne. Irin na Baffa an daina ganinsa a kasuwa. Sabon da wani direba ya kawo mana daga Sabon Gari mai maganaɗisu ne, muryarsa ƙarama ƙwarai. Da ta ɗaura shi muka kasa kunne, sai muka ji kamar sauro ya faɗa tulu. Ta ce sai ta haɗa wani ɗan akwati da zai tsaya tsakanin allura da lasifika ya ɗaga muryar. Sunansa firi'am.

"Fir'auna?"

"Firi'am, Baba."

"A gidana za ki haɗa Fir'auna?"

Uwarta Hannatu ta ji daga kicin, sunan kuwa ya bi shi.

A cikin gwangwanin madara ta haɗa shi. Kwana shida tana sunkuye da ƙarfen narka dalma, gida duk warin ƙaro. Ta yi min bayani cewa masu yanka faifai sukan rage kaurin murya su ƙara siririya don waƙa ta samu wuri, aikin Fir'auna shi ne ya mayar da komai yadda yake. Na ce na gane, kamar wandon da aka tsuke ne za a buɗe. Ta ce to, kusan haka.

Ni dai ban samu natsuwa ba. Na ɗinka wa liman aljihu a baya. Na yi wa wata mata hannun riga uku.

Gwajin farko, makaɗin ya fito da muryar akuya. Hamdiyya ta ce kan allurar da akwatin ba su daidaita ba, akwai wani ɗan mitsitsin abu mai kama da ƙwayar shinkafa da ta sa ba daidai ba, kuma da zoben launi ake gane su. Idonta ya gaji, ni kuwa shekara talatin ina zaɓen zare. Ta ce rawaya, shunayya, ruwan lemo. Na tsamo mata shi cikin guda ɗari. Ta liƙa, ta ɗaure wata siririyar waya a ƙarfen tagarmu, ta ce wayar ƙasa ce mai hana ƙugi, ta sauke allura. Kukuma ta cika ɗaki, namiji sosai ya kama waƙa. Hannatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo tambayar wa ya haihu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka isa Rogo Ruma. An share zauren Baffa, an yayyafa ruwa, ya tara abokansa tsofaffi takwas a kan tabarmi. Na tuɓe takalmi a ƙofa, na durƙusa muka gaisa, gida da gona da jiki da baƙi.

"Amaryata," in ji Baffa, yana yi wa Hamdiyya wasan jika, "ashe da gwangwanin madara za ki biya ni?"

"Kai dai gyara kunnenka, tsoho. Kada a kira sunanka kana gyangyaɗi."

Ta jona garmaho da wutar sola ta gidan, ta kunna. Ko allura ba ta sauke ba lasifika ta ɗauki ƙugi, buuuu, kamar injin niƙa ya shigo zaure. Wani tsoho ya janye ƙafarsa. Na ga Hamdiyya tana riƙe da siririyar wayar nan tana dube-dube. Zauren na ƙasa ne, tagarsa ta katako, ƙofarsa ta katako, babu ƙarfe ko na magani.

"Wannan ne sunan nawa?" in ji Baffa.

Wayar ta suɓuce daga hannunta. Ni kuma na miƙe na ja da baya, na taka wani abu. Ƙugin ya ɗauke ɗif.

Na ɗaga ƙafa in ga me na taka. Buuuu. Na mayar. Shiru.

Hamdiyya ta matso kamar za ta gyara min babbar riga. "Baba, kada ka motsa," ta raɗa min. "Wayar ƙasa ce. Ƙafarka ba takalmi, ƙasa da danshi. Kai ne ƙasa yanzu."

"Zai kashe ni?"

"A'a. Ka maƙale ta da yatsa, ka saki riga a kai."

Na maƙale waya tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Ta sauke allura, kukuma ta tashi tas, tsofaffi suka yi salati.

"Liti, zauna mana."

"Na fi jin daɗin tsayuwa, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Ladabi ne, Baffa."

Faifan doguwar waƙa ce. Makaɗin ya yabi direbobi ɗaya bayan ɗaya, da motocinsu, da iyayen gidansu. Ƙuda ya sauka a idon sawuna ya yi zamansa. Can kusan ƙarshe, tsakanin wani Ɗan'azumi da wani Garba mai tirela, aka ce "da Mijinyawa", aka wuce. Ko numfashi ɗaya bai kai ba.

Baffa ya dafe ƙirji. "Kun ji? A mayar!"

Aka mayar sau bakwai. Wani tsoho ya ce ai Mijinyawan Gwarzo ake nufi, aka kusa korarsa daga zauren. Labari ya zaga gari, mutane suka cika ƙofa. Yatsana ya mutu, cinyata ta kama rawa, duk sanda ta girgiza lasifika takan yi ɗan gurnani, Baffa ya harari gwangwanin.

Sai aka kira la'asar, faifai na tsakiyar juyawa karo na takwas. Kowa ya miƙe.

"Liti, ɗauko min buta."

Ban taɓa ƙin aikensa ba tun da aka haife ni, kuma ƙafata ta riga ni amsawa. Buuuu! Na dawo da gudu na taka. Shiru. Kowa ya juyo yana kallona.

Baffa ya sa sanda ya ɗage gefen rigata. Ya daɗe yana kallon yatsana.

"Ɗaga." Buuuu. "Taka." Shiru. "Ɗaga."

Ya yi min haka ya fi sau goma. Daga nan ya karɓi wayar ya riƙe da hannunsa, yana tsaye kan buzu da takalmin roba. Ƙugin ya ƙaru. Tsofaffin nan takwas suka gwada ɗaya bayan ɗaya daga kan tabarmi, bai saurari kowa ba. Na ga Hamdiyya ta sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, gobe zan share mata tsohon keke.

"Ikon Allah," in ji Baffa. "Kusan shekara hamsin ina tunanin amfanin Liti. Ashe na garmaho ne." Ya juya wajenta. "Ke amarya, haka za a yi ta yi? Duk ranar da zan ji sunana sai an ɗauko ubanki daga Karaye?"

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Iya inda aka koya mana ke nan a ƙaramar difloma, tsoho. Yadda ake cire mutum daga cikin na'ura, a babba ake koyarwa."

"Shekara nawa?"

"Biyu."

"To me kike jira? Ki tafi gobe. Kai kuma duk Juma'a ina nemanka, kuma kada ka zo min da safa."

A kan babur muna komawa na tambaye ta ko da gaske sai ta yi shekara biyu kafin ta iya cire ni.

"Haba Baba. Guntun rodi za a kafa a bayan zaure a ɗaura wayar. Aikin minti biyar."

Na kusa faɗawa gonar rake. "To mu koma mana!"

"In muka koma, me zan je koyo a Kano?"

Na murza babur muka nufi Karaye. Ranar Litinin ta yi rajista.

Yanzu wata biyar ke nan. Duk Juma'a bayan masallaci ina tsaye a zauren Baffa, an yayyafa min ruwa a ƙarƙashin ƙafa. An fara zuwa kallona daga ƙauyuka, wata mata ma ta kawo jaririnta mai yawan kuka ta ce in taka zaninsa. Akwai wani mai gyaran rediyo a Rogo da ya ce zai zo ya ga abin da idonsa. Na je har shagonsa na ɗinka masa kaftani kyauta, na roƙe shi ya bari sai baɗi waccan.