Garwar da Tasalla Ta Hana

Shekara ashirin Tasalla tana tuyar ƙosai a kasuwar Safana da man da ta matsa da hannunta, ko ciwon kai ba wanda ya taɓa yi. Shekarar da aka koma naira, wani kamfani ya fara kawo man gyaɗa a garwa, aka yi ta zuga ta wai na zamani ne. Ta saya.

Ranar da ta fara tuya da shi, mutum tara suka kwanta da amai da gudawa. Badaru duba-gari ya kifar mata da kasko, ya ci ta tara, ya sa mai shela ya zaga kasuwa da sunanta, yadda ake wa mahaucin da ya sayar da mushe. Tarar ba ta dame ta ba. Shelar ce ta ƙona mata rai, don har Wagini da Batsari yanzu sunanta "mai ƙosan guba".

Bayan mako biyu sai ga motar kamfani tana bi rumfa-rumfa, shiru-shiru, tana karɓe garwani tana ba da sababbi. Ashe maganin ƙwari ne ya gauraya da man tun daga can.

Tasalla ta zauna daram a kan garwarta.

"Baba, biyu za mu ba ki," in ji wakilin kamfanin, yana wani murmushi.

"Ɗan nan, ni da aka ci tara ƙosai nawa na soya? Ku da kuka cika ƙasa fa, wa ya ci ku?"

Ya kai tayin garwa biyar. Ko gezau.

Washegari ta ɗora garwar a ka, ta dire ta gaban alƙali. Sau huɗu ana ɗage zama, sau huɗu tana dawowa da garwarta. A na biyar alƙali ya ci kamfanin tara, ya ce a mayar mata da kuɗin tararta.

"Allah gafarta Malam, su riƙe," in ji Tasalla. "Mai shelar nan nake so, ya bi duk rumfar da ya bi, ya wanke sunana."

Ranar kasuwa ta hura wuta, ta zuba man hannunta. Tana jin muryar mai shela tana tahowa daga layin mahauta, Badaru na biye da shi yana sunkuyar da kai. Da suka iso rumfarta ta tsame ƙosan farko, ta miƙa wa Badaru.

"Ci a nan, kowa na gani."

Ya ci.